Daga Rijiyoyin Salaga zuwa Burtsatsen Nima: Tarihin Cinikin Ruwa a Zangunan Akra

Sayar da ruwa na cikin tsofaffin sana'o'in Nima da Maamobi da Kawukudi, unguwannin zango da ke arewa da tsakiyar Akra, babban birnin Ghana. Sana'ar ta girmi famfon gwamnati a waɗannan unguwanni, kuma da famfon ya zo bai kashe ta ba, kama kawai ya sauya mata. Mai rijiya ya zama mai famfo, mai famfo ya girka tanki, mai tanki kuma a yau shi ne mai rijiyar burtsatse da injin jawo ruwa. Fiye da shekara 90 ke nan da kafa Nima, har yanzu ɗimbin mazauna gidajen haya ba sa samun ruwa kai tsaye daga hukuma, sai ta hannun wani da ya tsaya a tsakani, ana auna musu da bokiti ko jarka suna biya nan take.

Tun asali zango da ruwa ba sa rabuwa. A zamanin fataucin goro, lokacin da ayarin jakuna ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, madugu ba ya sauke ayari sai inda mutane da dabbobi za su sha. Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, gari ne mai ƙarancin ruwa da rani, shi ya sa aka haƙa rijiyoyi barkatai a cikinsa da kewayensa har ake yi masa laƙabi da garin rijiya dubu. Baƙin da suka ratsa garin a ƙarni na 19 sun tarar ana sayar da ruwa kamar yadda ake sayar da itace da hatsi, kuma bayi ne suka sha wahalar haƙa da ɗiba. Bayan da Ingila ta ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta fara karkata zuwa bakin teku, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra. Mutanen da suka cika zangunan kudu sun zo ne da sanin rijiya, da kuma sabo da cewa a garin kasuwa ruwa haja ne.

Garin da suka sauka shi ma ba mai wadatar ruwa ba ne. Duk da yana bakin teku, Akra na cikin wani yanki mai ƙarancin damina: ruwan saman da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, kusan daidai da na Kano, alhali Axim da ke yammacin gaɓar tana samun fiye da milimita 2,000. Ƙoramun garin ƙanana ne, suna cika da damina su ƙafe da rani, rijiyoyin kusa da teku kuma galibi na zartsi ne. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, masu hali suna tara ruwan sama ne a manyan rumbunan ƙarƙashin ƙasa da tankuna, talakawan ƙabilar Ga da baƙin zango kuma suna ɗiba daga kududdufai da gajerun rijiyoyi. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta faɗa wa garin a 1908, ita ta tilasta wa gwamnati ta ɗauki maganar tsabta da muhimmanci. Aka rushe gidaje a tsohon gari, aka buɗe sababbin unguwanni, cikin waɗannan shekaru ne Malam Bako ya kafa Sabon Zango. Aka kuma gina matatar ruwa a Weija, a kan kogin Densu yamma da garin, ruwan famfo ya shigo Akra a 1914.

Tambayar wa zai biya kuɗin wannan ruwa ta zama rigimar siyasa tun da wuri. A 1934 gwamnatin Gwamna Shenton Thomas ta kawo dokar da za ta ɗora wa mazauna Akra da Sekondi da Cape Coast kuɗin ruwa, tare da wata doka ta hana tunzura jama'a. Mutanen ƙasa suka ƙi, har aka tura wakilai London ƙarƙashin Nana Sir Ofori Atta, da J. B. Danquah a matsayin sakatare. Ba su yi nasarar soke dokokin ba. Amma duk wannan ja-in-ja ta waɗanda famfo ya isa unguwarsu ce. A daidai lokacin, can bayan iyakar gari, wata unguwa tana tasowa wadda ba ta cikin lissafin kowa.

Wajen 1931 ne Malam Amadu Futa, malami kuma dillalin shanu, ya samu fili daga dangin Odoi Kwao na Osu, a wani tudu da ake tsayar da shanun arewa su huta kafin a kai su kasuwa. Nan ne Nima. Shi yake yanka wa baƙi filaye, su gina ɗakunan ƙasa da rufin kwano, kowace ƙabila da shugabanta: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Wangarawa, Dagomba, Frafra. Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Da yake wurin yana wajen iyakar hukumar gari, babu wanda ya shata tituna, babu wanda ya bar hanyar da bututu zai bi, babu magudana. Ruwan sha da na girki daga rijiyoyin cikin gida yake fitowa, da ƙoramar da ke kwarin da ya raba Nima da Maamobi, da abin da aka tara daga indararo idan an yi ruwa. Wanda ya haƙa rijiya ya dace da ruwa mai daɗi ya samu abin da maƙwabta za su riƙa sallama a kansa, kuma ba a daɗe ba sallamar ta koma ciniki.

Girgizar ƙasar da ta auku a Akra a watan Yuni na 1939 ta raba mutane da yawa da gidajensu, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya kawo sansanonin sojan Ingila da na Amurka kusa da filin jirgin sama, da asibitin soja na 37 da aka gina a 1941. Aikin gadi da kuku da wanki da lebura ya samu, kuma Nima ce mafi kusa da mafi arha ga mai neman ɗaki. Unguwar ta cika ta tumbatsa zuwa Maamobi. Sai a farkon shekarun 1950 aka shigar da ita cikin iyakar birni, lokacin gidaje sun riga sun manne da juna, lungunan da ke tsakaninsu wasu ba sa ɗaukar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa. Famfunan jama'a da aka kafa kaɗan ne a kan yawan mutane. Mata da yara kan jera bokitai da garewani tun kafin asuba, wanda ba shi da mai bin masa layi kuma ya biya ɗan ga-ruwa ya kawo masa har ƙofa. Keith Hart, masanin halayyar al'umma ɗan Ingila da ya zauna cikin Frafra na Nima a tsakiyar shekarun 1960, daga irin waɗannan sana'o'i da ba sa cikin rajistar gwamnati ya fitar da bayanin tattalin arzikin da ke gudana a bayan idon hukuma, bayanin da daga baya ya zagaye duniya.

Ƙoramar kuwa ba ta jure ba. Da gidaje suka kewaye ta, kuma babu inda ruwan wanka da na wanki da shara za su bi sai gangare, ta rikiɗe ta zama babbar kwatar nan da kowa ya sani tsakanin Nima da Maamobi, wadda ke zuba cikin kogin Odaw, shi kuma ya zuba a tafkin Korle kafin teku. Rashin wannan ƙorama babbar asara ce a tarihin unguwar, domin ita ce ruwa na ƙarshe da kowa ke iya ɗiba ba tare da ya biya ba. Gajerun rijiyoyi ma suka shiga zargi saboda kusancinsu da masai da kwatami. A ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban jami'a da mutanen unguwa suka haɗu a ƙungiyar sa-kai mai suna Operation Help Nima, suna aikin gayya suna matsa wa hukuma a kan magudana da ruwa da hanya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba na 1969 ta kwashe mutane da yawa daga zanguna, amma ɗakunan ba su daɗe a rufe ba. Babban titin Nima da aka fasa a shekarun 1970 ya ci gidaje, aka mayar da waɗansu masu su Madina, ya kuma ba manyan bututu hanyar ratsa unguwar. Daga bakin titi zuwa cikin lungu, kowa ya ja nasa siririn bututun da kuɗinsa.

A ɓangaren hukuma, an kafa hukumar ruwa da magudana ta ƙasa a 1965, an ɗora wa matatar Kpong da ke kan kogin Volta nauyin ciyar da Tema da gabashin Akra, sabuwar madatsar Weija kuma ta kammalu a 1978. Sai dai garin ya fi aikin sauri. Akra da ke da mutum kimanin 135,000 a ƙidayar 1948 ta zama cibiyar yankin da ƙidayar 2021 ta samu mutum fiye da miliyan 5.4 a cikinsa. Taɓarɓarewar tattalin arziki ta ƙarshen shekarun 1970 da farin 1983 sun bar injuna da bututu ba gyara. Daga nan rabon ruwa bi da bi ya zama al'ada: a buɗe wa wannan shiyya yau, a rufe gobe, wani lokaci ruwan ya zo da tsakar dare ya ɗauke kafin gari ya waye.

Wannan rabon yana da illar da ba a cika lura da ita ba. Bututun da ke cike da ruwa kullum, ko ya fashe, waje yake tsiyaya. Wanda ake ɗauke wa ruwa kuwa, da zarar ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wurin fashewar. A lungunan Nima da Maamobi siraran bututun roba da yawa a gefen kwata suke kwance, wasu ma a cikinta, domin nan ne kaɗai hanya. Ruwan da ya baro Weija ko Kpong da tsabtarsa yana iya isa randa da ƙazantar da ya kwaso a taku ɗari na ƙarshe.

Rabon ne kuma ya ba sana'ar ruwa siffar da take da ita yanzu. Wanda ke da famfo a gida kuma yake da kuɗin gina tankin siminti, ko sayen baƙin tankin roba, shi ke tara ruwa ranar da aka kawo ya sayar ranar da babu. Idan an daɗe ba a kawo ba, ya kira tanka ta cika masa, farashin bokiti ya tashi. Kusa da shi akwai masu gidan wanka na kuɗi, sana'ar da ta kafu saboda gidan haya mai ɗaki goma ko ashirin ba ya rasa layi a ƙofar banɗakinsa guda. Masu koko da ƙosai, masu waakye, masu tuwon zafi da masu fura, da mahauta da masu wankin kaya, da kasuwar Nima wadda ke cika ranar Laraba, duk abokan cinikin mai tanki ne. Ga kuma buƙatar da addini ya ɗora: alwala sau biyar, wankan Juma'a, wankan gawa, da aikin nama ranar Babbar Salla. A unguwar da masallaci ke kusan kowane lungu, butar alwala ma tana cikin lissafin ruwan gari.

Tsarin kuɗin ruwa na hukuma, wanda hukumar kayyade farashin wuta da ruwa da aka kafa a 1997 ke tsarawa, an yi shi ne da nufin sauƙaƙa wa talaka: kason farko na abin da mita ta ƙirga a wata yana da rahusa, abin da ya haura ya fi tsada. Tsarin ya dace da gidan iyali ɗaya mai mita ɗaya. A gidan haya na zango kuwa, inda iyalai da yawa ke sha daga mita guda, kason rahusar kan ƙare cikin 'yan kwanaki, sauran watan duka a farashin sama ake biya. Wanda ba shi da famfo ko kaɗan, ya saya a hannun mai tanki, shi ne ya fi kowa biya, domin a cikin kuɗin bokitinsa akwai kuɗin hukuma da na tanka da na tanki da ribar mai sayarwa. Sakamakon shi ne lita ɗaya ta fi tsada a lungun Maamobi a kan gidajen Cantonments da ke 'yar tafiya kaɗan daga nan. Wannan rashin adalci ne bayyananne, kuma ɗora laifinsa a kan mai tanki kuskure ne. Shi ya cike gurbin da aka bari ne.

A 1999 aka mayar da hukumar ruwan birane kamfani mai suna Ghana Water Company Limited, aka kuma fara shirin miƙa ta ga 'yan kasuwa bisa shawarar Bankin Duniya. Gamayyar ƙungiyoyin da ke adawa da sayar da ruwa, wadda aka kafa a 2001, ta yi tsayin daka, har ɗaya daga jagororinta, lauya Rudolf Amenga-Etego, ya samu lambar yabo ta Goldman a 2004. Daga ƙarshe kwangilar gudanarwa ta shekara biyar aka ba kamfanin Aqua Vitens Rand a 2006, da ta ƙare a 2011 ba a sabunta ba. A wannan zamani ne jarkar man girki mai ruwan ɗorawa ta zama abin ɗibar ruwa a duk faɗin Akra, jama'a suka laƙaba mata sunan shugaban ƙasa na lokacin, John Kufuor, sunan da ya bi ta har yau. Faɗaɗa matatar Kpong da wani kamfanin ƙasar Sin ya yi, wadda ta ƙara galan miliyan 40 a kullum daga ƙarshen 2014, da matatar ruwan teku ta Teshie da aka buɗe a 2015, sun rage ƙarancin a wasu shiyyoyi, ba su kawar da jarkar ba.

Ruwan sha ya bi tasa hanyar daban. Da can 'yan mata ke yawo da ruwan ƙanƙara a bokiti da kofi ɗaya da kowa ke sha da shi, daga baya aka koma ƙulla shi a leda da hannu. A ƙarshen shekarun 1990 injin liƙe leda ya shigo, fiya wata mai rabin lita ta mamaye gari, ana sayar da ita ɗaiɗai ko jaka mai guda 30. Ƙidayar 2021 ta nuna ruwan leda ne babban abin shan kimanin kashi 37 cikin 100 na gidajen Ghana, a yankin Akra kuwa wajen gida bakwai cikin goma. Ya rage shan gurɓataccen ruwa, wannan gaskiya ne, amma ledarsa a kwata take ƙarewa. Kwalarar 2014, wadda ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar kuma ta fi tsanani a Akra, da ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah ta kashe mutum fiye da 150, duka biyun sun bi ta magudanan da suka toshe, kuma babbar kwatar Nima na cikin masu kai ruwa kwarin Odaw.

Mataki na baya-bayan nan shi ne rijiyar burtsatse. Injin haƙa ya yawaita, farashinsa ya sauko, sai masallatai da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin agaji na gida da na ƙasashen Larabawa da Turkiyya suka shiga haƙa ta a matsayin sadaka mai gudana, 'yan siyasa su ma suna haƙawa gab da zaɓe. Babban Masallacin Ƙasa da ke Kawukudi, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2021 kuma yake ɗaukar masallata kimanin 15,000, ya isa misalin yawan ruwan alwalar da yankin ke buƙata a rana guda ta Juma'a. Masu tanki ma da suka samu hali sun haƙa tasu, domin su huta da jiran hukuma da tsadar tanka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: haƙa da injin da tanki da kuɗin lantarki jari ne da ɗan haya ba shi da shi, ga shi filin ma ba nasa ba ne, don haka burtsatse ta ƙara ruwa a unguwa ba tare da ta sauya wanda ke sayarwa da wanda ke saye ba.

Abin da ke ƙarƙashin Akra ba tafki ba ne. Tsofaffin duwatsu ne masu tauri, ruwa yana zama ne a cikin tsagoginsu da cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansu. Shi ya sa rijiya biyu a lungu ɗaya za su iya bambanta, ɗaya ta ba da ruwa sosai ɗaya ta tsiyaya, ɗaya mai daɗi ɗaya zartsi wanda sabulu ba ya kumfa da shi. Da yawa daga ruwan burtsatsen garin na wanka da wanki ne, ba a sha sai an tace. Ruwan ba mai zafi ba ne. Ɗuminsa kusan na iskar gari ne. Zafin cikin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi a yawancin wurare, kuma rijiyar da ba ta kai mita 100 ba ba ta isa ta ji shi ba. 

Duk da haka, ƙasashen da ke rayuwa a kan ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa suna cikin waɗanda suka fi nazarin abin da ke faruwa idan mutane da yawa suka zura bututu cikin taska ɗaya da ido ba ya gani, kuma darasinsu ya shafi Nima kai tsaye. A Reykjavik, babban birnin Aislan, mata sun daɗe suna goya wanki a baya tafiyar kusan kilomita 3 zuwa maɓuɓɓugan zafi na Laugardalur. A 1930 aka ja bututu daga wurin zuwa wata makarantar firamare da wasu gidaje, aka fara ɗumama ɗakuna da ruwan ƙasa maimakon kwal. Tsadar man fetur ta 1973 ta sa aka faɗaɗa aikin, yau kusan gida tara cikin goma na ƙasar da wannan ruwa ake ɗumama su. Amma a shekarun 1960, da aka saka manyan injuna a rijiyoyin Laugarnes na wannan yanki aka ninka abin da ake ja kusan sau goma, ruwan ya ja da baya da kimanin mita 120, maɓuɓɓugan wankin suka ƙafe. Abin da ya cece su shi ne suna aunawa. Sun ga ruwan ya sauka ya tsaya a wani matsayi, saboda saukar tasa ta jawo sabon ruwa daga kewaye, suka riƙe ɗibarsu daidai wannan gwargwado shekaru da dama, ƙarin buƙatar birni kuma suka nemo ta daga wasu filaye. Masanansu suna kiran ɗiba mai ɗorewa ne idan za a iya riƙe ta shekara 100 zuwa 300.

A filin The Geysers na Kalifoniya an yi akasin haka. Kamfanoni da yawa suka yi ta haƙa a taskar tururi guda, kowa na gudun kada maƙwabci ya riga shi, har ƙarfin tashoshin lantarkin ya kai kusan megawat 2,000 a ƙarshen shekarun 1980. Daga 1987 tururin ya fara raguwa da sauri. Maganin da aka samu shi ne mayar wa ƙasa ruwa: daga 1997 aka fara turo tataccen ruwan magudanan garuruwan yankin Lake ta bututu ana ɗura shi a rijiyoyin, a 2003 aka ƙara da na birnin Santa Rosa, raguwar ta lafa. Wannan ilmi na auna taska da mayar mata da ruwa shi ne kashin bayan kwas ɗin wata shida da Aislan ke ba injiniyoyin ƙasashe masu tasowa tun 1979. Kenya, wadda ta kunna tashar Olkaria ta farko a 1981, na cikin waɗanda suka fi tura ɗalibai, kuma a yau zafin ƙasa na cikin manyan hanyoyin lantarkinta. Ɗalibi kan tafi da sha'awar tururi da injuna, ya tarar rabin karatun a kan littafin rajista ne: zurfin ruwa a kowace rijiya, zafinsa, gishirinsa, da lita nawa aka ja, wata bayan wata.

Wannan rabin ne Akra ke buƙata, ko da ruwanta ba ya tururi. Doka tana nan. Dokar da ta kafa Hukumar Albarkatun Ruwa a 1996 ta danƙa duk ruwan ƙasar, na sama da na ƙasa, a hannun shugaban ƙasa a matsayin amanar jama'a, ƙa'idojin 2006 kuma sun wajabta wa mai haƙa burtsatse ya mallaki lasisi ya kuma miƙa wa hukumar bayanan kowace rijiya da ya haƙa. Sai dai rijiyar da aka haƙa a tsakar gida cikin kwana biyu ba kasafai take shiga rajista ba, kuma mai ita ba ya sanin ruwa ya ja baya sai ranar da injin ya fara shaƙar iska. Abin da yakan yi a ranar shi ne ya ƙara zurfi, maƙwabcin da rijiyarsa ta fi gajarta ya wayi gari babu ruwa, babu kuma wanda zai kai ƙara wurinsa. A gari na bakin teku akwai ƙarin haɗari, domin ruwan daɗi a kan na gishiri yake zaune, idan aka rage na saman sai na ƙasan ya taso, kuma rijiyar da gishiri ya shiga ba ta saurin warkewa.

Ɓangaren mayarwa ma ya taƙaita. Ruwan ƙarƙashin Nima daga ruwan sama yake samuwa, wanda ya nutse ta ƙasar da ba a rufe ba. A yau rufin kwano da daɓen siminti da kwalta sun shafe kusan duk unguwar, filin Kawukudi na cikin 'yan wuraren da suka rage ƙasa tana shan ruwa. Ruwan da ya kamata ya nutse shi ne yake gangarawa babbar kwata cikin mintuna ya zama ambaliya a Odaw, ɗan abin da ke nutsewa kuma ya haɗa da yoyon bututu da na masai. Shirin da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 200 a 2019 domin kwarin Odaw ya sa Nima cikin unguwannin da za a gyara wa magudana da hanyoyi. Tun 2018 yankin yana ƙarƙashin sababbin ƙananan hukumomi biyu, Ayawaso ta Gabas mai hedikwata a Nima da Ayawaso ta Arewa wadda Maamobi ke ciki, kuma su ne mafi kusa da lungunan da rijiyoyin suke. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa daga watan Afrilu har ƙarshen shekara. Sauƙin ta kan mita ya bi, ya isa gidajen da ke da famfon kamfani. Mai saye daga burtsatse ko daga tankin da tanka ta cika ya ci gaba da biyan kuɗin jarkarsa.